Malam Tanimu da Akuyar Sule Tela

Ku da kuka san Malam Tanimu mai hoto na Ƙofar Kibo, ku faɗa mini tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa jin ya yabi hoton wani? Babu! Kana miƙa masa naka zai karɓa da yatsa biyu kamar ƙosai mai zafi, ya duba, ya duba, sannan ya ce, "Rana ce ta ɗauka, ba kai ba." Ni Garba ina Kusfa da kyamarata, shi yana can da tasa, mun yi shekaru muna sana'a ɗaya, iyakar abin da na samu daga bakinsa ke nan.

Kada ni ma in wanke kaina. Duk sanda na bi ta ƙofar shagonsa sai in rage gudun keke in saci kallon hotunan da ya liƙa, in wuce ƙirjina na zafi. Mutumin nan yana da ido, wallahi.

Ga taurin kai! Wani Alhaji mai hatsi ya zo daga ƙauye da jakinsa, ya sha babbar riga, yana son hoton da zai rataya a zaure. Malam ya shanya shi a rana, ya leƙa, ya fito daga baƙin ƙyallen kyamara, ya sake leƙawa. Da Alhaji ya dawo karɓa sai ga hoton jakinsa, shi kuwa hannun rigarsa kawai ya fito a gefe.

"Malam, to ni ina nake?"

"Alhaji, kai sai motsi kake yi. Shi kuwa ya san abin da ya kawo shi."

To, lokacin da naira ta fito ba da daɗewa ba, wasu malaman makaranta suka shirya baje kolin hotuna na kwana uku a wani aji a Tudun Jukun. Suka ce masu hoton gari kowa ya kawo na gwaninta, ban da na biki da na fasfo. Wani malamin zane zai zo daga jami'a ya zaɓi ɗaya a kai Kaduna a rataya. Kai jama'a! Muka daina gaisawa sai da ka.

Ni na kai hoton goggona tana kaɗi a bakin ɗaki. Shi ya kai hannayen wani marini, sun yi baƙi ƙirin har gwiwar hannu, riƙe da farin goro guda. Da na ɗora ido a kai sai da abinci ya fita raina ranar nan.

Maimakon ya tsaya wurin nasa, sai Malam ya kafa kujera gaban nawa. Duk wanda ya shigo sai ya yafito shi: "Matso ka ga, ya yanke wa tsohuwa kunne ɗaya!" Mutane suka yi ta taruwa neman kunne. Ni ma na koma gaban nasa ina tambayar jama'a, "Don Allah wannan hannu ne ko rogo?" Har wani dattijo ya daɗe yana kallon goggona, ya juya ya kama hannun Malam Tanimu.

"Malam, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Ka iya!"

"A'uzubillahi! Ni? Baba, zagina za ka yi cikin mutane?"

Rana ta uku malamin jami'a ya iso. Ya tsaya gaban goggona, ya duba. Ya tsaya gaban marini, ya duba. Sai ya wuce can ƙurya ya nuna hoton wata akuya tsaye a kan ganuwa. Sule tela ne ya ɗauke ta, da kyamarar aro, wai yana gwada ko tana aiki!

Malam ya tako har inda nake. "Garba abokina," in ji shi, ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba, "an zalunce mu."

Daga Tudun Jukun har cikin birni muka turo kekunanmu a ƙasa muna zagin akuya. "Ko kallon kyamara ba ta yi ba!" in ji Malam. Tun daga ranar ya daina kai wa Sule ɗinki. Aljihunsa ya yage yana reto, in an yi magana ya ce, "Ya je ya ɗinka wa akuyar."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je dubiya. Na ga ya rame, sai na ce bari in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi.

"Malam, hoton marinin nan naka, ban taɓa ganin irinsa ba."

"Na sani."

Na zuba masa ido ina jiran nawa rabon. Can ya numfasa.

"Tsohuwar taka ma..." Ya yi tari. "Katakon da ka zagaye ta da shi, kafinta ya yi ƙoƙari."

Muka yi dariya har hawaye ya zubo masa. Ya riƙe hannuna gam, bai saki ba sai da aka kira la'asar.

Tun da ya tafi, in na wanke hoto ya yi kyau sai in tsaya da shi a hannu, in rasa wanda zan kai wa ya ɓata mini rai. Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana ni da shi abin da muka riƙe wa juna a zuci. Amin.