Kwalbar Kananzir da Irin Albasar da Ya Ƙi Tsirowa

A shekarar da irin albasarmu ya ƙi tsirowa, gidanmu ya yi wata guda cur ba a kunna fitila ba, alhali ga kwalbar kananzir cike fal a ƙarƙashin gadon Baba. Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mu kuwa da ma namu a ɗinke yake. Baƙi suna zaton tunda ƙauyenmu na gefen Bodinga tafiyar keke ce zuwa Shagari, garin shugaban ƙasa, da madarar gwangwani muke wanka. Ni kuwa da idona na ga an yanka sabulu ɗaya gida takwas an raba mana kamar naman layya.

Irin nan Kawu Ummaru ne ya ba mu, yayan mahaifiyata, manomin albasa a wajen Lambara. Tun da bazara ya aiko shi cikin gora. Da damina ta ja baya Baba ya yafa shi a fadama, ya yi ta ban ruwa safe da yamma har kwaɗi suka fara yi masa sannu da aiki. Kwana ashirin, ko tsinke bai leƙo ba.

Ana haka Mamman Dillali ya zo jaje. Shi Mamman, mai sayar da irin albasa a kasuwa, mutum ne da ko gaisuwa zai yi maka sai ya waiga hagu da dama. Ya murza ƙasar, ya shinshina, ya rage murya.

"Malam Bello, irin ga soyayye na. Surukinka ya ɗora shi bisa wuta kahin shi ba ka, don kada ku haɗu kasuwa bana."

Ranar Baba ya bi layi tun hantsi har la'asar ya samo kananzir kwalba ɗaya. Ya ce ba na fitila ba ne. Kawu yana da rudu biyu, wato rumbunan kara da ake ajiye albasa har ta yi tsada, noman shekara guda ke ciki, kuma Baba ya ce sai ya mai da su toka.

Sai dai Babana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yanka kaza ba tare da ya ba ta haƙuri ba. Ranar farko tayar keke ta sace. Ta biyu ya yi mugun mafarki. Juma'a ba a ɗaukar alhaki. Daga nan farin wata ya yi yawa, za a gan shi. Da watan ya ɓace kuma duhu ya yi yawa, ba zai ga hanya ba. Kullum sai ya fito da kwalbar ya ɗaga ta ya yi mata magana, ya mayar. Gida kuwa ya cika da kallon gefen ido. Baba yana zargin Iya ta aika wa ɗan'uwanta ya yi tsaro. Iya ta ɗaure kayanta a zane, ta ce ranar da hayaƙi ya tashi a Lambara, ranar za ta bar gidan. Mu yara har akuya muke zargi, don ta cika tsayawa a bakin ƙofa tana saurare.

Wuri ɗaya ke da haske, ɗakin Kaka Tumba, mahaifiyar Baba. Saboda sanyin ƙashi wutarta ba ta mutuwa, rani da damina. A saman murhun nan, jikin rufi, duk abin da ake gudun ɓera ya ci yana rataye: masara, busasshiyar kuɓewa, goruna baƙi ƙirin da hayaƙi. Bayan isha'i mukan kewaye ta, tana juya gyaɗa a toka tana ba mu tatsuniya.

A daren da Baba ya ɗaura kwalbar a keke da gaske, Kaka ta leƙo ta ce, "Bello, taho ka gyara min ƙyauren ga, iska na shigo min." Ƙyauren nan lafiyarsa lau. Na duba.

"Ga ta nan tahe da ƙahwa," in ji Kaka.

"Ta shigo, mun share mata wuri!" muka amsa.

Wai wani mai haƙar rijiya ne igiya ta tsinke da shi, ya faɗa ya mutu, ya bar tsohuwar uwa da ɗa saurayi. Ana zaman makoki sai ungulu ta sauka kan katanga ta ce wa saurayin, ai mai tufkar igiya ne ya rage zare da gangan, don ubanka ya fi shi farin jini. Saurayi ya ɗauki wuƙa. Amma kullum sai ya ce bari ya ƙara wasa ta. Shekara bakwai yana wasawa, ya daina dariya, ya kori budurwarsa don yana zaton 'yar rahoto ce, har wuƙar ta koma kamar allura. Da allurar ya je ya soke mai tufka. Kafin a binne shi ungulu ta riga ta sauka kan katangar ɗansa. Haka aka yi ta yi, ɗa ya rama wa uba, ƙane ya rama wa wa, har gidajen biyu suka zama kango.

"Ita ko ungulu," in ji Kaka, tana kallon bayan Baba, "ta yi ƙiba har ba ta iya tashi. Ku hwaɗa min, cikin su duka wa yac ci riba?"

"Ungulu!" muka ce.

"To shi saurayin, uban nai yaka so ko kunyar mutane yaka ji? In da so na, da ya tambayi ungulu ina tat tsaya tag gani."

Baba ya daina taɓa ƙyaure.

Sai Kaka ta ƙarasa da sauri, kamar mai zubar da ruwan zafi. Wai daga baya tsohuwar tana shara ta ga ragowar igiyar, ashe gara ce ta cinye ta a inda aka ajiye ta. Shi ke nan, tatsuniya ta koma inda ta fito.

Ni kuwa tun ina yaro bakina ba ya da murfi. Na ce, "Kaka, wa ya ajiye igiyar inda gara take?"

Ta cusa min gyaɗa mai zafi a hannu. "Kai, mijin banza, ci ka tai ka kwanta."

Baba ya juyo daga bakin ƙofa. Can ya ce, "Inna, Mamman iri shika saidawa, ko?"

"Ni mi nas sani? Tatsuniya nika yi ma jikokina."

Ya fita. Muka ji ƙarar keke, Iya ta miƙe da ƙullin kayanta a hannu. Sai ga haske ya cika tsakar gida. A fitila ya juye kananzir ɗin. Mun saba da duhu har ƙanena ya sa kuka, yana zaton gobara ce. Bayan kwana biyu Kawu, wanda bai san an yi wata guda ana ƙone shi ba, ya aiko mana da dashen albasa kayan jaki guda.

Shekaru na ɗauka cewa darasin shi ne ka binciki mai kawo maka labari kafin ka binciki wanda aka kawo labarinsa. Da shi na yi ta yi wa abokai wa'azi. Sai da na shiga makarantar koyon aikin gona malami ya ce irin albasa ba ya jure zafi, in ya daɗe kusa da wuta ya mutu. Alƙalami ya faɗi daga hannuna. Na ga goran Kawu a idona, rataye daidai saman murhun Kaka, wata biyar yana gasuwa, mu muna ƙasa muna cin gyaɗa. Na kuma tuna washegarin tatsuniyar nan an wayi gari ƙusar da aka rataye goran a jikinta ta koma bayan ƙofa.

Ashe Mamman bai yi ƙarya duka ba. Irin soyayye ne, sai dai a gidanmu aka soya shi.

Har yau ina juya abin. Rudun Kawu ta ceta, ko auren ɗanta, ko kanta? Ta gane tun ranar farko ta yi shiru wata guda saboda kunya, ko a daren nan ta ɗaga kai ta gani? In kuwa ɓoyewa take so, me ya kai ta sa tsohuwa da gara a labarin? Wataƙila iyakar amsa laifin da bakinta zai iya ke nan, ta faɗa a gaban kowa ta hanyar da babu mai kama ta.

Da na zo hutu na same ta ta tsufa tukuf, wutarta na ci. Na zauna, na kalli rufi, na kalle ta.

"Kaka, igiyar nan ta tatsuniya. Ke kika ajiye ta?"

Ta juya gyaɗa a toka. Sannan ta ɗago ido ɗaya ta ce, "Wace ungulu ta aiko ka?"