Kallabin da Inna Kulu take ɗaurewa a ido

Girbin bana ya cika shekara shida da rasuwar kakata, Inna Kulu, wadda ta haifi babana. Sauran shekarun nakan tuna ta ne da kewa mai taushi, in yi mata addu'a, in ci gaba da harkokina. Bana kuwa da tsoro nake tuna ta. Wata huɗu da suka wuce likitan ido ya faɗa mini sunan ciwon da ya rufe mata ido, hawan jinin ido, ya ce ni ma shi ne ya fara taɓa nawa.

A ƙauyenmu, can arewa da Dawanau, inda gona take manne da gona sai layin gamba ke nuna iyaka, da zaɓen iri aka san ta. Idan an kawo dammunan gero gida, kafin a sa su a rumbu, ita ke zama a tabarma ta ware zangarniyar da za a ajiye don shukar baɗi. Maƙwabta ma nasu suke kawo mata. Ba ta son komai a duniya kamar wannan zaman.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ta fara tuntuɓe da turmi. Akuya takan wuce ta gefenta ba ta gani ba. Ƙanen babana, Baffa Isuhu, ya kai ta asibiti a birni, aka ce an makara: abin da ya tafi ya tafi, sauran ma zai bi a hankali. Suka dawo gida. Washegari da hantsi muka gan ta a tsakar gida ta ɗaure idonta da wani baƙin kallabi, hannu a miƙe, tana laluben hanyar randa.

Baffa ya ce, "Inna, don girman Allah ki cire abin nan. Mutane za su ce kiran makanta kike yi da kanki."

"Kiranta nake yi? Ai ta riga ta yi sallama, Isuhu, tana zaure. Bari in gyara gida kada ta shigo ta same ni a birkice."

Tun daga ranar ta raba wuninta. Bayan sallar asuba takan bi gidan da idonta a buɗe tana ƙirga taku, daga ƙofar ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa madafi, daga madafi zuwa turken awaki. Da hantsi ta ɗaura kallabin, ta sake bin hanyar, ba ta kwancewa sai ta dafa katangar madafi ta ji rana ta ɗumama ta. Ba ta haɗa abu biyu. Hanyar randa kaɗai sai da ta ɗauke ta wata guda, ta ƙi ƙara wata sai da ƙafarta ta san wannan. Bayan azahar ta ɗauki faifai ta tsinci wake a rufe, sannan ta buɗe ido ta duba kurakuranta. Da ganin ya ƙara raguwa, ni ce mai duba mata.

"Ke Sa'ade, mai kallon gajimare, sauko ƙasa ki gaya mini, tsakuwa nawa na bari?"

"Uku, Inna."

"Jiya biyar ne. Ke da idonki biyu nawa kika bari a shinkafar shekaranjiya? Haƙorin Baffanki ya sani."

Bayan la'asar kuma ba ta aikin komai. Takan zauna a gindin ɗorawar ƙofar gida ta yi ta kallo. Ta kalli fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya har mu ji kunya, ta kalli jan zanen wata mai wucewa, ta kalli yadda gero ke kwantawa idan iska ta bi ta kansa. Na taɓa tambayarta me take nema. Ta ce guzuri take yi.

Ba zan ce ba ta ji tsoro ba. Akwai ranar da ta kifar da tukunyar kunu a ƙafarta, ta yi kwana tara ba ta taka ƙasa sosai. A ɗaya daga cikin kwanakin na same ta riƙe da kallabin a cinya. Ta ce mini, "Ba duhun ne ke ba ni tsoro ba, jikalle. Ranar da za a kawo dami a wuce ni da shi, ita nake tsoro." Ƙafar tana warkewa ta koma kan tsarinta, daga hanyar randa, kamar ba ta taɓa koya ba.

Shekara huɗu tana haka kafin hasken ya ɗauke gaba ɗaya. A girbin shekarar aka kawo dami, ba a wuce ta ba. Ta shafa kowace zangarniya daga gindi zuwa kai, ta auna ta a tafin hannu, ta shinshina, ta ajiye dama ko hagu. Maza suka koma gefe suna sake dubawa a ɓoye. Ba su mayar da ko ɗaya ba. Haka ta ci gaba har shekarar da ta koma ga Ubangijinta.

Ni kuwa yanzu ina koyarwa a wata firamare a Bacirawa. Likita ya ce nawa da sauƙi, an gano shi da wuri. Ya ba ni maganin ɗigawa, safe da yamma, kullum a lokaci ɗaya, har iyakar rayuwa. Idan na kiyaye, mai yiwuwa ganina ya tsaya inda yake. Idan na yi sakaci, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Na sa wayata ta riƙa ƙara ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma. Amma ni Sa'ade ce, wadda Inna ta sani. Wayar takan yi ƙara ina cikin adaidaita, in kashe da niyyar idan na sauka. Takan yi ƙara ina tsakiyar wani shafi mai daɗi, in ce bari in kai ƙarshensa. Wata rana kwalbar tana jaka, wata rana tana kan taga, wata rana ban san inda take ba. Da na koma asibiti bayan sati shida, likita ya auna, ya tambaye ni ko ina sawa yadda ya ce. Ban iya kallonsa ba.

Tun daga nan tsoro ya zauna mini. Ina tafiya a hanya nakan ɗaga yatsa a gefen fuskata in ga ko har yanzu ina hango shi. A aji nakan kalli allo, in gwada ko ina ganin yaran da ke layin bango ba tare da na juya ba. Idan na yi tuntuɓe da dutse sai turmin Inna ya faɗo mini a rai. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan zamani, da waya mai tuni, da magani a kwalba. Ita ba ta da abin da zai tsayar da ciwon, amma ta yi shekara huɗu ba ta saɓa wa wuninta ba. Ni ga magani a hannuna, na kasa sati shida.

Da aka fara girbi na je gida. Na tarar da Baffa Isuhu a tabarmar da take zama, dami a gabansa, idonsa a rufe, yana shafa zangarniya. Shi da ya ce ta cire kallabi. Da ya ji motsina ya buɗe ido ya yi dariya, ya ce ido tsawo yake bi ya ruɗu, hannu ne ke jin nauyi. A nan na gaya masa komai. Ya ajiye zangarniyar ya tambaye ni.

"Da wane lokaci aka ce ki riƙa sawa?"

"Bakwai da bakwai, Baffa."

"Inna har ta rasu ba ta san bakwai ba. Jingina abu take yi da abin da ba ya wuce ta. Ke mene ne ba ya wuce ki?"

Da zan tafi ya shiga ɗakinta ya fito mini da baƙin kallabin, ya koɗe, gefensa ya fara zarewa.

Yanzu kwalbar tana naɗe a cikinsa, a kan sallayata. Ina idar da asuba in ɗiga, ina idar da magariba in ɗiga, likita kuma ya amince da haka. Ya ce bayan ɗigawa in rufe ido na ɗan lokaci don maganin ya zauna. A farko wannan rufewar ce ta fi komai firgita ni, sai in ji kamar ana nuna mini abin da ke jirana. Daga baya na fara miƙewa a cikinta ina ƙirga taku. Bayan la'asar kuma nakan ajiye waya in fita ƙofar gida in yi ta kallo. Ban ƙara wani abu a kan waɗannan ba tukuna. Kwana ashirin da uku ke nan ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Ban san abin da za a gani ba idan aka sake auna ni, kuma har yanzu ina ɗaga yatsa a gefen fuskata. Amma geron da aka girbe a gonarmu bana jikan wanda ta zaɓa ne da hannunta a cikin duhu, kuma abin da ta bar mini ya ishe ni in tashi gobe in san me zan fara yi. Allah Ya jiƙan Inna Kulu, Ya haskaka kabarinta.

Yau da asuba, ido a rufe, na ƙirga taku tara daga sallaya zuwa ƙofa. Na dafa ƙyauren, na tsaya. Sannan na buɗe ido. Gari ya fara wayewa, kuma na gan shi.