Kakan Toktosun na Biyar

Toktosun ƙanen mijina ne. A baki ba na kiran sunansa, kamar kowace matar wa a garinmu At-Bashy, sai dai in ce Malam, amma ba wanda ya ce kada in rubuta. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da harshen Kirgiz, har yau idan mai shago ya rubuta “gishiri” ba daidai ba, sai ya tsaya ya gyara masa kafin ya saya.

Bayan ya yi ritaya ya koma bin tsofaffi ƙauye-ƙauye yana rubuta asalin danginmu, wane ya haifi wane, har ya tara mutum kusan dubu uku. Yawancin waɗanda suka ba shi labarin sun rasu. Ɗansa Mirlan ya zuba masa duka a kwamfuta, kuma da ya ga uban ya taɓa goge reshe guda na dangin da gwiwar hannu, sai ya mayar da fayil ɗin nasa ɓangaren na kwamfutar ya kulle.

Sai ga jikar Malam, Aizirek, ta kawo saurayi, likitan dabbobi, kuma ɗan danginmu. A wurinmu ba a aure sai an haura kaka bakwai ba a haɗu ba. Iyayen yaron suka ce za su zo neman aure ranar Asabar idan Malam ya duba jerin kakannin. Mirlan kuwa yana wajen haƙar zinariya a saman dutse, inda waya ba ta shiga sai ya sauko bayan mako biyu.

Na iske Malam ranar Laraba gaban kwamfutar, shayinsa ya huce.

“Me ta ce?” na tambaye shi.

“Wai ba ni da izini. Wai in nemi mai iko da na'urar.”

“To ka neme shi mana.”

“Yaya, a gidana? Ni na saye ta. Kakannina ne a ciki.”

“Ka gaya mata haka? Ɗaga murya, wataƙila kurma ce irinka.”

Ɓangaren Mirlan na neman kalmar sirri, a ƙasa ya bar abin tuni: kakanmu na biyar. Wannan ko a barci Malam zai faɗa: Ömürzak. Ya rubuta, ta ƙi. Ya yi da manyan baƙaƙe, ta ƙi. Ya ƙirga daga kansa, ya ƙirga daga Mirlan, ya gwada na huɗu da na shida. Ran Alhamis ya fara zargin marigayin da ya ba shi jerin. Aizirek tana ta kai da kawo a tsakar gida, ta soya boorsok, irin fankenmu, kwano uku ba wanda ya sa ta.

Ran Juma'a na zauna kusa da shi ina kallon yatsunsa. Kafin ya rubuta sunan sai ya sauya baƙaƙen daga na Rasha zuwa na Kirgiz, don ya samu o ɗinmu mai ɗamara a ciki da u ɗinmu miƙaƙƙe, waɗanda babu su a na Rasha.

“Malam, yaushe rabon da Mirlan ya turo maka saƙo da o mai ɗamara?”



“Ɗan malamin Kirgiz ne,” in ji shi.

“Shi ya sa nake tambaya. Rubuta yadda ragwaye suke rubutawa.”

“Ba zan lalata sunan kakana da hannuna ba.”

“To tashi. Ni hannuna ya saba da lalata abubuwa, tambayi yayanka idan kun haɗu a lahira.”

Ya tashi ya juya wa na'urar baya. Na danna Omurzak da yatsa ɗaya, o tsirara, u na Rashawa. Ta buɗe.

Bai gode ba. Ya ture ni daga kujerar, ya bi layin yaron sama, ya bi namu, yana lanƙwasa yatsu. Sun haɗu a kaka na takwas. Sau uku ya ƙirga kafin ya leƙa ta taga ya ce wa Aizirek ta gaya wa iyayen yaron su zo da wuri, kuma ta daina ɓarnar mai.

An yi baiko. Kwamfutar kuwa kwana goma sha ɗaya ke nan Malam bai bari an kashe ta ba, don kada ta sake tambayar sunan. Yana zaune gabanta da littafi, yana kwafe mutum dubu uku da hannu.