Katun Ɗin Da Babu Babur A Ciki

Har gobe ba zan manta da ranar da Malam Isiya ya shigo shagonmu yana neman katun ɗin da babu babur a ciki ba. Ƙarshen damina ne, ina shekara ta huɗu a shagon Oga Bitrus, nan bakin kasuwar Birnin Gwari. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan ku kasa kunne, don na ga yadda wasunku ke juye wa mutane fim kamar ana zuba yashi a tifa.

Ga wanda bai san aikin ba, mu masu tura fim ne. Mutum ya kawo waya ko memori, ya faɗi abin da yake so, mu kwafa masa daga kwamfuta. Mutanen ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa, mu ne gidan talabijin ɗinsu. Oga shi ne mai shago, ni ne mai zama gaban kwamfuta. Na yara kuwa wuri ɗaya muka tara su. In an ce "sa wa yara katun", sai mu kwashe gaba ɗaya mu juye, babu mai dubawa.

Malam Isiya manomi ne daga wajen Randagi. Bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu, ya kawo matarsa da ɗansu Habu, ɗan shekara huɗu, gidan yayansa a cikin gari, shi kuma ya koma ya ci gaba da gona. Duk Juma'a yakan zo a kan babur da ɗan hatsi. Ranar nan sai da ya jira shago ya yi sauƙi, sannan ya matso ya miƙo mini wayar matarsa.

Ya ce, "Ƙanena, akwai na yara wanda babu babur a ciki?"

Ni da bakina ba ya shiru, na ce, "Haba Yaya, me babur ya yi maka? Ba shi ka hau ka zo ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana guduna yake yi."

Ashe a kan babura aka shigo musu ƙauye. Tun daga ranar, Habu da ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado. Uban ya koma kashe injin tun daga bakin layi yana turo shi da hannu, duk da haka da yaron ya hango shi riƙe da babur sai ya ruga, ba ya fitowa har uban ya tafi. Sannan yaran maƙwabta suka kunna katun a waya, aka zo wurin tseren babura, yaron ya yi fitsari a wando yana ihu. Uwar tana son abin da zai ɗebe masa kewa ta samu ta yi girki, amma tana tsoron abin da ke cikin wayar.

Na ce ya ba ni zuwa wata Juma'ar.

Sai da na zauna dubawa na gane abin da muke tura wa 'ya'yan mutane. Kai! Wannan ya bi wancan da gudu, nan fashewa, can jiniya. Ido yakan ruɗe ka, launi ya yi kyau ka ɗauka lafiya lau ne. Don haka na canza dabara. Duk lokacin da babu kwastoma sai in sa abin kunne, in rufe ido, in saurari fim ɗin da kunne kawai, kamar ni ne yaron da ke ɓoye ƙarƙashin gado. Oga ya shigo ya same ni haka, ya ce, "Sanusi, barci kake mini a bakin aiki?" Na ce, "Oga, kallo nake yi." Ya ce lallai aikin kwamfuta ya fara taɓa ni. Da na ba shi labari, sai ya daina aikena cikin kasuwa, shi yake zuwa da kansa.

Abin da ya tsira kaɗan ne. Akwai na wata kaza da 'ya'yanta suna kiwo, akwai waƙoƙin ƙirga da na launuka, akwai na ɗan giwa mai tsoron wanka. Duk gajeru ne, magana a hankali, babu duka, babu gudu. Su na tura, kuma uwar ta aiko cewa Habu ya zauna ya kalla har ta sauke tukunya.

Amma akwai wani fim na iyali da na ware gefe, ya ƙi fita a raina. Uba ne yake fita aiki da safe a kan ɗan jan babur, da yamma ya dawo, yaransa su fito da gudu ya ɗaga su sama. Na nuna wa Oga. Ya ce, "Kai ba likita ba ne. In yaron nan ya ƙara firgita, wa za a kama?" Na ce gaskiya ne, shi ya sa ba zan tura a ɓoye ba.

Na zauna na cire ƙarar injin daga fim ɗin, na bar kiɗan da dariyar yaran. Da Malam Isiya ya zo na kunna masa, na ce, "Yaya, ga babur, amma bebe ne. Ni ban yi maka alkawarin komai ba. In za a kunna, da rana, yana kan cinyar uwarsa. Da ta ji jikinsa ya sandare, ta kashe, a koma wa kaza." Ya daɗe yana kallon wurin da uban ke ɗaga yaran. Ya ce sai ya tambayi uwar Habu, don ita ke fama. Sati na gaba ya ce ta yarda.

Karon farko yaron ya cusa fuska a ƙirjin uwarsa, ta kashe. Na ji ba daɗi, har na ce a goge. Ita ce ta hana. Bayan kwanaki Habu da kansa ya ce a sa masa na mai jan babur. Can kuma uwar ta aiko a mayar da ƙarar, amma ƙasa-ƙasa. Na mayar, da ƙyar ake ji.

Wata Juma'a bayan an gama girbi, Malam Isiya ya shigo shago ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce ya turo babur kamar kullum, sai ya tarar da Habu tsaye a bakin zaure, ya riƙe ƙyaure da hannu biyu. Bai gudu ba. Uban ya jingine babur ya tsuguna. Yaron ya tako a hankali ya ɗaga hannuwa.

"Ƙanena," in ji Malam Isiya, "ya yi nauyi. Rabona da ɗaukarsa tun farkon damina. Ban san ya yi nauyi haka ba."

Oga ya juya baya yana ta gyara wayoyin cajin da ba su buƙatar gyara. Ni kuwa ban ɓoye ba, hawaye na yi, kuma ina alfahari da aikin nan har yau. Haƙurin uwar ne ya yi babban aikin, amma ni ma na sa hannuna.

Mutane suna ganin sana'armu danna-danna ce kawai. Amma abin da ka tura, cikin ɗakin mutum zai shiga, a gaban yaron da ba ka san abin da idonsa ya gani ba. Mutanenmu kuma ba kowa ke iya buɗe baki kamar Malam Isiya ba. Saboda haka in an ce ku sa wa yara katun, kada ku juye. Ku tambayi shekarun yaron, ku tambayi daga wane ƙauye ya fito, sannan ku rufe ido ku saurara kafin ku tura.