Alƙalin da Ya Ɗauki Fartanya

Alƙali mafi adalci da na taɓa gani tela ne, gemun auduga ya manna a haɓarsa. Ɗan goggona ne, taubashina, kuma shi ne shugaban samarin da ke wasan kwaikwayo a ƙauyenmu na ƙasar Kiru, can wajen hanyar Badafi. Har yau idan na tuna hukuncin da ya yanke sai tsigar jikina ta tashi, daga baya kuma raina ya ɓaci, domin hukuncin nan ne ya ci mana gona.

Gonar ta mahaifina ce, gado daga kakanmu. Iyakarta da ta maƙwabci layin gamba ne, kamar yadda kowa ke yi a wajenmu. Da maƙwabcin ya rasu, magada suka sayar wa wani Alhaji mai harkar hatsi, wanda motocinsa ke lodin masara har Tudun Wada da Doguwa. Mutum ne mai fara'a, da hannu biyu yake gaisawa, hularsa kullum a karkace. Daminar farko shanun huɗarsa suka tattake gamban wajen juyawa, ya aiko a ba Baba haƙuri, ya ce zai sake dasawa da kansa. Ya dasa kuwa, amma a cikin gonarmu. Daga nan kowace damina sai gamban ya ɗan matsa, bana kunya biyu, baɗi uku, har ya haɗiye gefen da ya fi ko'ina laima, inda Baba ke shuka shinkafar da muke ci. Ni dai ban taɓa ganin ciyawa mai ƙafa ba sai a gonar Baba.

An je gaban mai unguwa, an je gaban dagaci, kowa ya ce a yi haƙuri, a duba maƙwabtaka. Da haƙurin ya ƙare Baba ya kai ƙara kotu, alƙali ya ce ya kawo shaidu. Akwai dattawan da suka san iyakar nan tun suna bin iyayensu gona. Baba ya bi su gida-gida. Wannan ya ce idonsa ya yi rauni, wancan ya ce 'yarsa na aure a dangin Alhaji, wani kuma ya rantse bai taɓa lura ba, alhali a ƙarƙashin gawon da ke bakin iyakar yake cin furarsa duk damina.

Amma Baba na da abin da ya dogara da shi. Mutanen zamanin da, idan za su kafa iyaka, ba gamba kaɗai suke dasawa ba. Sukan haƙa ƙasa su binne tsingaro da gawayi a bin layin, saboda gamba ana iya tumɓuke shi, gawayi kuwa ba ya ruɓewa. Kakanmu ya yi haka a gaban idon Baba. Yawancin mutane sun manta da wannan al'ada, Alhaji kuwa a harkar kasuwa ya tashi, bai ma san da ita ba. Baba ya roƙi kotu ta turo wakilai su ga gona, bai faɗi abin da ke ƙasa ba. Ya san idan ya haƙa shi kaɗai za a ce shi ya binne, so yake a tono a gaban hukuma. Aka sa rana bayan Ƙaramar Sallah. A gida kawai ya yi maganar, kuma taubashin nawa na zaune, yana cinye mana tuwo kamar yadda ya saba.

Washegarin Sallah bayan la'asar aka taru a filin firamare kallon wasan kwaikwayon samarin. Na zo hutu daga Kano inda nake koyarwa, na zauna kusa da Baba a kan benci. Ba mu san abin da za a nuna ba. Sai ga wani ya fito da hula a karkace yana gaishe da iska da hannu biyu. Ba a ambaci suna ba, ba a kuma buƙaci a ambata ba. Wasu samari suka lulluɓa da zana suka jeru, su ne gamba. Duk sanda tsohon manomi ya juya baya zai yi noma, sai gamba ya ɗaga ƙafa ya matsa a hankali, da ya waiwayo sai su ƙame. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba ma ya yi dariya har hawaye, rabona da ganin haƙoransa tun kafin shari'ar.

Sai aka zo kotu. Telan namu ya hau kujera da rawanin aro, ya kira shaidu, kowa ya kawo uzurinsa, mai ciwon ido har da lalube.  Sai alƙali ya miƙe, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya karɓi fartanya daga hannun manomin.

"Tunda mutane sun ƙi magana," in ji shi, "bari mu je mu tambayi ƙasa."

Ya taka har tsakiyar fili ya sara, ya durƙusa ya tono da hannunsa, ya ɗaga tsingaro da gawayi sama kowa ya gani. Nan take aka ɓarke da kabbara. Ba zan ɓoye ba, na yi kuka. Na daɗe ina koya wa yara ma'anar adalci a kan allo, amma ranar na fara ganinsa da ido: mai hukunci ya sauko daga kujera, ya je inda aka cuci mutum, ya ɓata rigarsa da ƙasa. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya da kabbara su ne dattawan nan da suka ƙi zuwa kotu.

Na juya in ga Baba, na tarar fuskarsa ta canja. Ba wasan yake kallo ba. Alhaji yake kallo, wanda ke sahun gaba a kan farar kujera, yana dariya yana tafi, idonsa a kan fartanyar nan. Duk filin babu wanda ya fahimci wasan kamarsa.

Makon bai ƙare ba muka ji 'yan ƙodago na haƙar ƙasar gini a gonar Alhaji. Muka garzaya. Daidai tsohon layin suke bi, daga gawo har bakin rafi, amalanken shanu na kwashewa. Na yi ta masifa har muryata ta dishe. Mai unguwa ya ce ba shi da ikon hana mutum ɗibar ƙasa a inda yake nomawa tunda kotu ba ta yanke ba. Ranar da wakilan kotu suka zo, dogon rami suka tarar. Suka leƙa, suka tambayi Baba me yake so a gani, ya faɗa musu, suka sa aka ɗan tona gefe, ba a sami komai ba.

Ban ga laifin alƙalin gaske ba. Mai ƙara ba shi da shaida, sai rantsuwa ta hau kan wanda ake ƙara, haka shari'a take. Alhaji ya yi alwala a tsanake ya rantse, aka tashi. Mutanen garinmu nake jin haushi har gobe. Sun san gaskiya, sun yi mata tafi, sun zubar mata da hawaye, suka koma gida da zuciya wasai kamar sun sauke nauyin shaida. Har yau kuma idan zance ya biyo, sai su ce ba a taɓa wasa mai daɗin wannan ba.

Bayan hukuncin kotu, taubashina ya zo gidanmu.  Ya durƙusa a gaban Baba, kansa a ƙasa.

"Kawu, wallahi so na yi su ji kunya su zo su yi shaida."



"Tashi, wasanka ya yi kyau," in ji Baba. "Ka dai gaya mini, alƙalin nan naka, a wace kotu yake zama? Can ya kamata in kai ƙarata."

Da damina ta faɗi Alhaji ya cike ramin ya shuka shinkafa. Baba ya canja hanyar zuwa gona, yana zagayawa ta bayan maƙabarta duk da ciwon gwiwarsa, bai sake bi ta bakin rafin ba har ya rasu.