Jan Fenti a Bangon Sito

Shekarar da na fara sarin shinkafa da kaina, bayan rasuwar maigidana, wurin ajiya ne ya fi damuna. Gidanmu na Ƙofar Rini ƙarami ne. Ana haka wani dillali ya zo mini da maganar wani sito a Ƙofar Atiku. 'Yan kasuwa huɗu ne suka haɗu suka gina shi, suka raba shekara a tsakaninsu, kowa da watanninsa. Mai watannin kaka zai bar gari, yana neman mai sayen rabonsa. Ni kuwa kakar nake nema.

Na je na gani. Rufi lafiya lau, ga daɓen siminti, ga ƙofar ƙarfe. Mai sayarwa ya nuna mini takardar yarjejeniyarsu da sa hannun shaidu, har ya miƙo mini makulli, ya ce in fara zuba kaya kafin a ƙulla ciniki. Na zuba. Jarina kaf, da na wasu mata biyu da suka amince mini, ya shige siton nan.

Yayana ne ya hana ni biya. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Wagga ai ta gini ce. Ƙasar da anka aza ginin bisa fa, ta wa ce?"

Ya kai ni wurin wata lauya, ta ce sai an binciko asalin filin a ma'aikatar filaye. Na tambaye ta, "Barista, in na saya wani ya taso ya ce nashi ne, akwai mai mayar mini?"

Ta ce, "Hajiya, a wasu ƙasashe akwai inshorar da ake yi wa irin wannan. Ni dai ban san mai yin ta a garin nan ba. In kika sayi rigima, taki ce."

Na ce ta je ta bincika. An daɗe ana neman fayil ɗin, da aka same shi sai ga filin da sunan wani tsoho da ya rasu, mahaifin ɗaya daga cikin mutum huɗun, amma ba wanda zai sayar mini ba. Ba wata shaida cewa ya taɓa fita daga hannunsa.

Washegari da hantsi na je duba kaya. Tun daga nesa na hango jan rubutu a bango, fentin ko bushewa bai yi ba: WURIN NAN BA NA SAYARWA BA NE, MAGANA TANA KOTU. Na ƙarasa bakin siton. Wani mutum da ke zaune a benci ya taso ya gaishe ni cikin ladabi. Ƙaramin ɗan marigayin ne, ya daɗe yana neman abinci a kudu.

"Hajiya, ban da rigima da ke," in ji shi. "Filin babanmu ne, ba a raba gado ba, wana ya ba da anka yi gini. Yau ko gobe ma'aikatan kotu na zuwa su sa kwaɗo."

Na kira lauyar. Ta ce in aka rufe da kayana a ciki, zan iya neman a sakar mini, amma ba ta san ranar da zan samu ba. Fuskokin matan nan biyu kawai nake gani. Ɗaya awakinta ta sayar ta ba ni.

Na kira mai sayarwa, waya a kashe. Na kira yayana, na gaya masa ina kuka. Shi ya bi kasuwa ya tattaro 'yan dako da masu kura. Rana ta take, ana fito da buhuna, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina salati. Duk motar da ta shigo layin sai in ce ma'aikatan kotun ne. Wata ta tsaya daidai ƙofar, mutum biyu suka sauko, har na fara neman wurin zama. Ashe masu sauke siminti ne a gidan gaba.

Kafin la'asar sito ya zama wayam. Mun jibge shinkafa a zauren gidanmu, da ɗakina, da zauren maƙwabta. Ba a jima ba aka zo aka garƙame wurin, har yau kuma shari'ar ba ta ƙare ba.

Ɓeraye sun yi ɓarna, dole na sayar da shinkafar da wuri, riba kaɗan, amma kowace mace ta karɓi nata. Bayan watanni mai sayarwar ya kira ni, yana rantsuwa bai san da maganar gadon ba. Na ce Allah ya kyauta, na kashe wayar. Har yanzu ban san ko gaskiya ya faɗa ba.