Kyaftin a Kan Injin Yankan Ciyawa

Jama'a, yau na ga abin kunya!

Kun san Nura mai neman ƙanwata, wanda ya ce shi matuƙin jirgin sama ne? Baba ya bugo daga Kano, ya ce in bincika. Na tashi daga unguwarmu ta Hadayek el-Maadi har wurin aikinsa.

Wallahi a kan injin yankan ciyawa na same shi! Ya hakimce da hular kyaftin, ya ɗaure ƙaramin jirgi a baya, yana jan sa cikin rumfar jirage. Wani Bamasare na ta ihu, "Yalla, yi sauri, Nura!"

Na ce, "Kyaftin, yau wace ƙasa za mu?"

Ya ce, "Yaya, rufa min asiri."

Wane asiri? Hoton da na ɗauke shi ya riga ya isa Kano. Khalas, magana ta ƙare!